Gyado Ya Ci Gona, Kada Bindiga Ta Ci Gari



Tun da masara ta fara goyo wata magana ke yawo a tsakanin matasanmu, kuma mun ga bai kamata a bar ta ta ci gaba da yawo babu mai tanka mata ba. Maganar aladen daji ce da ke shiga gonakin bakin kurmi, da irin bindigar da ta dace a kashe shi da ita. A teburin mai shayi za ka ji yaron da ko adaka bai taɓa ɗurawa ba yana jera lambobi: wannan ya ce .308, wancan ya ce .30-06, wani ya ce duk wasa ne, AK-47 kaɗai ce maganinsa. Sun kalli bidiyon maharban Amurka a waya, kowa ya zama gwani. Har an fara raɗe-raɗin a yi karo-karo a sayo babba guda ɗaya ta bayan fage, a ajiye ta saboda gonakin unguwa.

Matsayinmu a fili yake. Babu raifal ɗin da ta dace da wannan aiki a wannan ƙasa tamu, kowace lamba ce a jikinta. Duk wanda ke zuga yaranmu su nemo ta, ko ya sani ko bai sani ba, yana tura su tsakanin kurkuku da kabari ne, yana kuma jawo wa gari abin da ya fi ɓarnar alade nesa ba kusa ba. Ga dalilanmu, kowa ya auna.

Mu fara da cewa ba mu raina asarar manomi ba. A 2023 cutar citta ta shafe gonaki a Kachia da Jaba da Kagarko da Zangon Kataf da Jama'a, mutane da yawa suka rasa amfani suka rasa iri, wasu har yau bashi bai sake su ba. Da dama sun koma kan masara da rogo da doya da gwaza da dankali, sun sayi taki da tsadar da kowa ya sani. Mutumin da ya sha wannan wahala, ya wayi gari ya tarar an tone masa kunya goma a dare ɗaya, an karya masara an tattake, ba wanda zai ce masa kada ransa ya ɓaci. Ransa ya ɓaci, kuma yana da haƙƙin ya kare gonarsa. Gardamarmu a kan hanyar ce.

Tambayar farko da masu jera lambobi suke tsallakewa ita ce: wane alade? Iri uku ake haɗawa a suna ɗaya. Akwai gyado, wanda tsofaffi ke sakayawa da mugun dawa, mai haure masu lanƙwasa da ƙulluttai a fuska, mai gudu da wutsiya a tsaye. Shi dabbar fili ce, da rana yake kiwo, yana durƙusawa a kan gwiwoyin gaba yana cin ciyawa da saiwa, da dare ya shige rami, sau da yawa ramin da dabgi ya tona, kuma da baya yake shiga don haurensa su fuskanci ƙofa. Akwai jan aladen kurmi, mai jan gashi da tsinin kunne mai tukku, wanda ke bin kurmi da bakin rafi, yana fita da dare cikin garke, kuma shi aka fi sani da ɓarnar rogo da doya a ƙasashen da yake. Sai na uku, wanda ba a son ambata: aladen gida na maƙwabci da ya tsinke igiya ko ya fasa shinge.

Wannan na ukun shi ya kamata ya sa kowa ya yi sanyi. Muna zaune ne a yankin da kiwon alade sana'a ce babba. Kasuwar aladu ta Katsit da ke ci ranar Alhamis a gefen Kafanchan tana cikin manya a ƙasar nan, daga kudu ake zuwa da manyan motoci a yi lodi. Ga maƙwabtanmu Bajju da Atyap da Fantsuwam da Kagoro, aladen da ke bayan gida shi ne kuɗin makarantar yaro, shi ne kuɗin asibiti, kamar yadda tunkiya da sa suke a wurinmu. Sawun alade a cikin laka ba ya ɗauke da sunan mai shi. A cikin duhu, tsakanin karan masara, wane yaro ne zai rantse cewa abin da ke motsi na daji ne? Ranar da aka wayi gari da gawar uwar aladun wani a gonar Bahaushe da ramin harsashi a jikinta, maganar ta tashi daga ta gona. Kowa a nan ya san inda irin wannan magana take iya kaiwa kafin la'asar.

To mu zo kan lambobin, tunda su ake taƙama da su. Lambar da ake kira da ita faɗin ramin bakin bindiga ne, ko a inci ko a milimita. Idan an ce .22, ramin bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na inci ba. Idan an ce .308 ko .30-06, ramin ya kai milimita 7.62. Maharban Turai da Amurka da ke ba da shawarar waɗannan manyan lambobi ba ƙarya suke yi ba. Alade dabba ce mai kaurin fata da ƙarfin kafaɗa, babban namijin gyado yana iya haura kilo ɗari, kuma ƙaramin harsashi ba ya kayar da shi nan take. A Jamus ma doka ce ta hana harbin aladen daji da raifal mai ƙasa da milimita 6.5, ta kuma gindaya ƙarfin da dole harsashin ya kasance da shi a nisan mita 100. Manufarsu kada a raunata dabba a bar ta tana wahala.

A nan muna tare da su ɗari bisa ɗari. Mai harbin alade da .22, ko da bindigar iska, ko da ƙananan ƙwayoyin dalma na harbin zabi da fakara, zalunci yake yi, kuma tarko yake haƙa wa mutane. Aladen da aka raunata ba ya mutuwa a wurin. Shiga duhuwa yake ya laɓe, kuma wanda zai fara cin karo da shi da safe ba maharbin ba ne, mace ce mai neman itace, ko yaro mai kora awaki. Hauren ƙasa na gyado kaifi gare su kamar aska, domin kullum na sama na wasa su, kuma a cinya da ƙwauri yake sara. Addininmu da ya halatta kashe dabbar da ke ɓarna shi ne ya hana azabtar da ita. Saboda haka ƙarama ba ta yi ba.

Sai mai gardama ya ce to shi ke nan, an dawo kan maganarmu, a nemo babba. A nan ne bidiyon Amurka ya ƙare, dokar Najeriya ta fara. Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yanzu ake aiki da ita, ta kasa bindigogi gida uku. Gida na farko shi ne haramtattu, waɗanda ba mai riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa. A cikinsu akwai mashinga da fistol, da raifal irin ta soja, kuma dokar ta ambaci lambobinsu ɗaya bayan ɗaya: milimita 7.62, milimita 9, inci .300 da inci .303. Gida na biyu shi ne bindigogin da mutum zai iya mallaka da lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda: bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu wadda ba ta ɗura kanta, da bindigar iska, da raifal ta farauta wadda lambarta ba ta cikin waɗancan huɗun. Gida na uku shi ne na bindigogin gargajiya masu ɗuri ta baki, irin su adaka, waɗanda sha'aninsu ke hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha.

Yanzu a ɗora lambobin teburin mai shayi a kan wannan jeri. AK-47 milimita 7.62 ce. Ita .308 'yar'uwar harsashin sojan NATO ce, faɗinta 7.62. Ita ma .30-06 faɗinta ke nan, kuma asalinta harsashin sojan Amurka ne tun 1906, shi ya sa 06 ke maƙale da sunanta. Ita .303 kuwa ita ce tsohuwar bindigar Ingila da sojoji da 'yan sandan zamanin Turawa suka riƙa saɓawa. Ashe duk lambobin da yaranmu ke yabo, su ne dai dokar ƙasa ta kira da suna ta ajiye a gidan haramtattu. Hukuncin wanda aka kama da irinsu babu lasisi kuwa mafi ƙaranci shekara goma ne a gidan yari. Wanda aka kama da ta gida na biyu babu takarda yana iya shan har shekara biyar. Buhu nawa na masara ne zai biya shekara goma ta ƙuruciyar ɗanka?

Kuma kada wani ya ce ai za a nemo takarda daga baya. A watan Agusta na 2023 Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da bayar da sababbin lasisin bindiga saboda yawaitar makamai a hannun jama'a. A 2024 aka sa hannu kan sabuwar dokar hana yaɗuwar ƙananan makamai, wadda ta ƙarfafa cibiyar da ke wannan aiki a ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Ko a lokacin da ake bayarwa, doka ta hana a ba wanda bai kai shekara 17 ba, da mai matsalar gani, da mai shaye-shaye, da wanda aka taɓa ɗaurewa kan tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Ma'ana, raifal ɗin da za a yi wa karo-karo ba ta da wata kasuwa sai ta duhu. Mai sayar da ita shi ne mai sayar wa masu tare hanya da masu satar mutane. Ba ka san ran da ta taɓa ɗauka ba kafin ta zo hannunka, kuma ranar da aka kama dillalin, sunanka na cikin wayarsa.

Mu ƙaddara babu doka ma. Har yanzu raifal ba ta dace da ƙasarmu ba, saboda nisan da harsashinta ke ci. Ita kanta ƙaramar .22 da ake rainawa, harsashinta yana iya tafiyar fiye da kilomita ɗaya da rabi. Na AK-47 yana wuce kilomita biyu. Na .308 yana kusantar kilomita huɗu. Baturen da kuka gani a bidiyo yana harbi ne a makeken fili mai shinge wanda mutum ɗaya ya mallaka, ko daga kan wani dogon ɗaki da aka gina don harsashi ya nutse a ƙasa. Mu kuwa a tsaya a kowace gona tsakanin Zonkwa da Kafanchan a juya gabas ko yamma, kudu ko arewa, a gaya mana inda za a yi tafiyar kilomita huɗu ba a ci karo da gida ko ruga ko coci ko masallaci ko makaranta ko titi ba. Harsashin da ya kuskure alade ba ya tsayawa a iyakar gona. Wanda ya bugi dutse kuwa, kuma duwatsu ba su yi mana kaɗan ba, canza hanya yake ya nufi inda maharbin bai taɓa tunani ba.

Sai dalili mafi nauyi, wanda manya suka sani a jikinsu, yara kuwa labari kawai suka ji. Rikicin Kafanchan na Maris 1987 daga harabar Kwalejin Ilimi ya faro, ya bazu har Zariya da Kaduna da Funtuwa. Na Zangon Kataf na 1992 a kan sauya wa kasuwa wuri ya tashi a watan Fabrairu, ya dawo da ƙarfi a watan Mayu. A Afrilun 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, abin da ya faru a Zonkwa da Matsirga da Kafanchan ba sai mun tuna wa kowa ba, akwai gidajen da har yau kango ne, akwai iyalan da ba su dawo ba. An yi asara ta kowane ɓangare. A Maris 2016 wakilan al'ummomin Jama'a da Kachia da Kaura da Sanga da Zangon Kataf suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan, amma kowa ya ga jinin da aka ci gaba da zubarwa bayanta. Zaman da muke yi yanzu lallaɓa shi ake, kamar mai ɗauke da ƙwai a faifai.

A irin wannan wuri ƙarar raifal da tsakar dare ba ta zuwa kunnen kowa a matsayin farauta. Matar da ke ƙauyen gaba za ta goya ɗanta ta nufi daji. Matasan can za su fito da abin da suke da shi. Bafulatanin da ke ruga zai ɗauka shi ake nufi. Sojan da ke shingen bincike ba zai tsaya tambayar ko gyado ne ya ci rogo ba. Kafin gari ya waye labari ya cika wayoyi cewa Hausawan Fadan Kaje sun tara makamai, kuma babu wanda zai iya janye shi. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga, kuma masu neman tsagar suna nan a kowane ɓangare, suna jira.

Wanda ke ganin muna zuzuta abin, ya tuna Uromi. A ƙarshen Maris 2025 mafarauta 'yan Arewa da ke kan hanyarsu daga Jihar Ribas zuwa Kano don yin sallah aka tare motarsu a Uromi ta Jihar Edo. Bindigogin gargajiya na farauta aka gani a wurinsu, aka yi musu kururuwar masu garkuwa da mutane, aka kashe goma sha shida daga cikinsu. Laifin na makasan ne, babu wani uzuri gare su duniya da lahira, Allah Ya jiƙan waɗanda aka zalunta. Amma darasin da ke ciki namu ne. Idan adaka a hannun mafaraucin gaske ta isa a yi masa wannan fassara a Najeriyar yau, wace fassara za a yi wa AK-47 a hannun yaron da ba shi da ko katin ƙungiyar maharba?

Mun san abin da wasu ke faɗa a ɓoye. Suna cewa ai kowa na da ita, mu kaɗai za mu zauna hannu rabbana? Idan maganar tsaron kai ce, a kira ta da sunanta, a kawo ta gaban dattawa da hakimi da jami'an tsaro a tattauna da rana tsaka, kowa ya faɗi abin da ke ransa. Amma kada a ɓoye ta a bayan gyado. Bindigar da aka shigo da ita da sunan alade ba ta komawa bayan an girbe masara. Tana nan a ƙarƙashin gado ranar da aka yi faɗan budurwa, tana nan ranar zaɓe, tana nan ranar da ɗan gidan ya sha abin da ya fi ƙarfinsa. Garin neman gira ake rasa ido.

Ga kuma abin da masu bidiyo ba sa nunawa: bindiga ba ta gama da alade ba ko a inda ta fi yawa. Amurka na da aladun daji fiye da miliyan shida a jihohi sama da talatin. A Texas tun 2011 doka ta ba maharba damar hayar jirgi mai saukar ungulu su harbe su daga sama, amma har yau jihar ce ta fi kowace yawansu. A Missouri kuwa hukumar kula da namun daji ta hana jama'a farautarsu a filayenta tun 2016, saboda ta lura maharbi na kashe ɗaya ko biyu ne, sauran garken su watse su ƙara wayo su koma wata gona, sai ta koma kama garke gaba ɗaya da tarkon shinge. Aladensu ba irin namu ba ne, ya fi namu yawan haihuwa, amma halin garke ɗaya ne. Ka harbe ɗaya a gonarka, ka kora tara gonar ƙaninka.

To me za a yi? Ba mu zo mu hana abu mu tafi ba, ga abin da muke kira a kai.

Na farko, a tabbatar da mai ɓarnar kafin komai. A kira tsohon maharbi ya duba sawu da kashi da irin tonon da hanyar shigowa. Idan na gida ne, hanya a buɗe take: mai unguwa, dagaci, hakimi, a kira mai dabba a ƙiyasta ɓarna ya biya, kamar yadda ake yi idan shanu sun shiga gona. Muna roƙon shugabannin ƙungiyarmu su zauna da takwarorinsu na Bajju, da sanin fadar Agwam Bajju a Zonkwa, a daddale ƙa'ida guda kan ɗaure dabbobi daga shuka zuwa girbi, wadda za ta hau kan alade da akuya da saniya daidai wa daida.

Na biyu, a tsare gona kafin a yi tunanin harbi. Rigakafi ya fi magani. Alade na da hanyar da ya saba bi, galibi daga bakin rafi. Rami mai zurfi da faɗi a wannan gefe, da shingen ƙaya ko na waya mai ƙarfi wanda aka binne gindinsa a ƙasa don kada ya tona ta ƙarƙashi, suna rage ɓarna sosai. Masu gonaki a jere su haɗa kai su yi gadi bi da bi a makonnin da amfani ya nuna, da fitila da gwangwani da karnuka. Kada a bar rogo da doya da suka isa cira su daɗe a gonar bakin kurmi. Kuɗin da za a tara a sayi raifal a kasuwar duhu ya isa ya kewaye gonaki da yawa, kuma ba a ɗaure kowa saboda shinge.

Na uku, idan ya tabbata na daji ne kuma ya ƙi barin wurin, aikin maharbi ne mai lasisi wanda Sarkin Baka ya sani, da bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu da doka ta yarda da ita. Ga mai son amsar tambayar lamba, wannan ce amsarmu. Irin wannan bindiga mai lamba 12, da harsashi mai dunƙulen dalma guda ko mai manyan ƙwayoyi, tana kayar da alade a kusa, mita 30 zuwa 50, kuma ƙarfinta na mutuwa da wuri idan aka gwada da raifal. Sharaɗinta haƙuri: a jira dabbar ta matso, a gan ta gaba ɗaya ba motsin ciyawa ba, a harba daga tudu ko daga kan dakali zuwa ƙasa, a san abin da ke bayanta. Kafin a fita a sanar da mai unguwa da dagaci da ofishin 'yan sanda da ƙauyukan da ke kewaye da rugagen da ke kusa, a faɗi rana da wuri, don duk wanda ya ji ƙara ya san ta mece ce.

Na huɗu, kuma wannan muke so a fi riƙewa, a yi aikin tare da maharban maƙwabtanmu, ko ma a bar musu shi. Sun fi mu sanin wannan dabba. Farauta na cikin jinin al'adarsu, wanda ya taɓa zuwa bikin Afan na Kagoro ranar 1 ga Janairu ya ga maharba da kayansu. Musulmi ba ya cin naman alade, ba ya cin kuɗinsa, to wace riba yaronmu ke nema a dajin? Gonarsa kawai yake so ta tsira. Su kuwa suna da amfani da naman. Gyado bai san gonar Musulmi da ta Kirista ba, rogon kowa yake tonewa. Abin da wasu ke so ya zama sanadin faɗa, sai ga shi ya zama dalilin zama a inuwa ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai dai a tuna wa juna cewa aladun daji na iya ɗaukar ƙwayar zazzaɓin aladu ta Afirka ba tare da sun nuna alama ba. Cutar ba ta kama mutum, amma tana share garken gida, kuma tun 1997 take addabar masu kiwo a Najeriya. Kada a kai gawa ko kayan ciki kusa da turken aladun gida.

Na biyar, hanyoyi uku mun yi tir da su baki ɗaya. Guba, wadda ake zubawa a rogo ko a ruwa: tana kashe kare da akuya da ungulu, tana bin rafin da ake sha, kuma naman dabbar da ta ci guba yana iya ƙarewa a tukunyar wani. Tarkon waya, wanda ba ya bambanta ƙafar alade da ta saniya da ta yaro. Da cinna wa daji wuta, wadda ke cin gonar da ba a girbe ba da ciyawar dabbobi da itatuwan da kakanni suka bari. Tun 1963 Arewa ke da dokar kare namun daji, kuma gandun gwamnati irin na Nimbiya da Kagoro ba wurin da kowa zai shiga ya yi yadda ya ga dama ba ne.

Iyaye, ku bincika ɗakunan 'ya'yanku, ku tambayi inda kuɗin karo-karo ke tafiya. Malamai da limamai, minti biyar a huɗuba a kan wannan ba zai yi yawa ba. 'Yan'uwanmu na birni masu turo kuɗi, idan an ce muku na maganin alade ne, ku tambaya shinge ne ko ƙarfe. Ku kuma matasa, ba mu raina zuciyarku ba, ku ne ƙarfin garin nan, ku ne masu noman. Amma abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Waɗanda suka binne 'yan'uwansu a 1992 da 2011 suna nan da ransu a cikinmu, ku je ku tambaye su ko akwai masarar da ta kai wannan tsada. Gonar da gyado ya tone ana sake shuka ta baɗi.

Allah Ya tsare mana amfanin gonarmu, Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da Kudancin Kaduna da Najeriya baki ɗaya lafiya. Amin.